Batirin ko-ta-kwana: Inda ya dace a ajiye na'urar tayar da mota, da wuraren da ke kashe ta

Na'urar tayar da mota ta tafi-da-gidanka, wadda masu sayar da kayan mota ke kira jam-sitata, ƙaramin batir ne mai ƙarfin gaske da ake jona wa batirin motar da ya yi sanyi domin injin ya tashi ba tare da turi ko aron batirin wani ba. Girman yawancinsu bai wuce na ƙaramin littafi ba, nauyinsu kuma daga rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya da ɗoriya. Amfaninta gaba ɗaya ya rataya ne a kan kasancewarta da rai ranar da aka neme ta, kuma a yankin da zafin bazara ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, wurin da aka ajiye ta a cikin mota ne ke tabbatar da hakan ko ya rushe shi.

A taƙaice, wuri mafi dacewa shi ne mai inuwa, na ƙasa-ƙasa, busasshe, wanda na'urar ba za ta riƙa gangarawa a cikinsa ba, kuma hannu zai kai gare shi ko da babu ɗigon wuta a motar. A yawancin ƙananan motoci, ƙarƙashin kujerar mai zaman banza ne ya fi cika waɗannan sharuɗɗa, sai gefen but. Saman dashbod da bayan gilashin baya su ne mafi muni. Idan kuwa motar za ta wuni a rana a watannin Maris zuwa Mayu, shigar da na'urar ɗaki ko ofis ya fi kowane lungu na mota.

Yadda take aiki

Batirin ƙaramar mota mai bolt 12 ne, kuma idan ya cika yakan nuna kimanin bolt 12.6. Babban aikinsa shi ne bai wa kik wuta mai yawa, sau da yawa amfiya 150 zuwa sama, na 'yan daƙiƙu kaɗan. Da zarar injin ya tashi, altaneta ce ke karɓar aiki, tana ciyar da fitilu da sauran kayan wuta tana kuma mayar wa batir abin da ya fitar. Batirin ko-ta-kwana yana cike gurbin waɗannan 'yan daƙiƙun ne kawai. Ba ya cajin batirin mota, ba ya kuma gyara altanetar da ta lalace.

Iri huɗu ne a kasuwa. Mafi yawa su ne masu ƙwayoyin lithiyam irin na waya da fawa-bank, uku ko huɗu a jere. Akwai masu lithiyam da sinadarin ƙarfe da fosfet, waɗanda ake rubuta wa LiFePO4 a jiki; sun fi jure zafi, sun fi wuyar kamawa da wuta, sai dai sun ɗan fi nauyi da tsada. Akwai tsofaffin yayi masu dalma, irin batirin mota, masu nauyin kilo da yawa. Na huɗu su ne masu kafasita, waɗanda ba sa riƙe caji na dogon lokaci. Sukan zuƙi ragowar wutar da ke cikin batirin da ya raunana, su tara ta cikin 'yan mintuna, sannan su sake ta gaba ɗaya. Waɗannan sun fi kowane iri jure zaman mota mai zafi, amma idan batirin ya mutu murus sai an nemo musu wuta daga wani wuri. Abin da ke tafe ya fi shafar iri na farko, domin su ne a hannun mafi yawan mutane.

Abin da ya sa ta samu shiga

A da, motar da ta ƙi tashi turi take buƙata: a sa giya ta biyu, matasa su tura, direba ya saki kuloci. Yawancin motocin tokumbo da ke shigowa yanzu, irin su Corolla da Camry da Accord, masu canza giya da kansu ne, kuma irinsu ba sa tashi da turi. Dabarar da ta rage ita ce aron batir, a tayar da mota sannan a zare shi injin na aiki. Wannan dabara tana iya ƙona altaneta ko kwamfutar injin, domin batir ne ke shanye hauhawar wutar da altaneta ke fitarwa.

Tattalin arziki ma ya taka rawa. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a Abuja da Kano cikin 'yan kwanaki, kuma ya haura naira 1,000 a Abuja a watan Oktoban 2024. Mutane da yawa sun koma ajiye mota sai fitar dole. Motar da ke tsaye tana shan wuta a hankali ta hanyar agogo da na'urar tsaro da kwamfuta, har batirinta ya yi sanyi cikin 'yan makonni. Sakin darajar naira da Babban Bankin Najeriya ya yi a watan Yunin 2023 ya ƙara tsadar kayan da ake shigowa da su, har da batir, abin da ke sa mai mota ya ci gaba da lallaɓa tsoho.

Sai kuma batun tsaro. Mutuwar mota a cikin gari ɓacin rai ne da ɓata lokaci. Mutuwarta da magariba a hanyar da ake fama da 'yan bindiga, irin ta Birnin Gwari ko wasu hanyoyin Zamfara da Katsina, magana ce ta rai. Matafiyin da ya dogara da na'urar da zafi ya riga ya kashe bai san ba shi da komai ba sai a wurin da babu mai taimako.

Zafin da ke cikin mota

Gilashin mota yana barin hasken rana ya shiga, ya dumama dashbod da kujeru, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Wani bincike da aka wallafa a 2005, wanda likitocin Jami'ar Stanford ta Amurka suka jagoranta, ya nuna cewa zafin cikin motar da aka rufe a rana yana ƙaruwa da kimanin digiri 22 cikin awa ɗaya, kashi 80 cikin 100 na ƙarin kuma yana faruwa ne a mintuna 30 na farko. Sauke gilashi kaɗan bai kawo wani sauyin kirki ba.

A 2018, masu bincike daga Jami'ar Jihar Arizona da Jami'ar Kalifoniya ta San Diego sun auna sassan mota ɗaya bayan ɗaya a ranakun da zafin waje ya kai kimanin digiri 38 zuwa sama. Bayan awa ɗaya a rana, iskar ciki ta kai digiri 47, kujeru 51, sitiyari 53, dashbod kuma 69. A motocin da aka ajiye a inuwa, iskar ciki ta tsaya a 38, dashbod a 48. Wato inuwa kaɗai ta rage wa dashbod sama da digiri 20.

Digiri 38 ba wani abin a-zo-a-gani ba ne a Sakkwato ko Maiduguri ko Yola ko Yamai, inda ranakun Afrilu kan wuce 40 a kai a kai, har hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ta riƙa fitar da gargaɗi. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Motar da ta wuni a fili a irin wannan yanayi, iskar cikinta na iya haura 60. Takardun bayanin yawancin waɗannan na'urori kuwa suna kafa iyakar ajiya ne tsakanin digiri 45 zuwa 60, iyakar caji kuma 40 ko 45.

Ɓarnar da zafi ke yi iri biyu ce. Ta farko a ɓoye take tafiya: zafi yana hanzarta lalacewar sinadaran ciki, ƙarfin batirin yana raguwa ba tare da ya dawo ba. Alƙaluman da kamfanin Cadex na Kanada ya wallafa sun nuna cewa batirin lithiyam da aka ajiye a cike a digiri 25 yakan riƙe kimanin kashi 80 na ƙarfinsa bayan shekara ɗaya, a digiri 40 kashi 65, a digiri 60 kuma yakan faɗo zuwa kashi 60 cikin wata uku kacal. Abin da ya fi yaudara shi ne fitilun na'urar na iya nuna ta cika, alhali ba ta da ƙarfin juya kik.

Ta biyu ita ce gobara. A cikin kowace ƙwaya akwai siririyar leda da ke raba ɓangarori biyu. Idan ta huje ko ta narke, ƙwayar takan fara dumama kanta da kanta har ta fitar da hayaƙi da wuta, ta kunna ta kusa da ita. Zafin mota kaɗai ba kasafai yake kai lafiyayyar ƙwaya ga wannan hali ba. Haɗarin yana ga wadda ta taɓa faɗuwa, ko ta kumbura, ko tun daga masana'anta aka yi ta da aibi. Aibin masana'anta ne ya sa Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya a 2016; idan hakan ya samu babban kamfani, to na'urar da ba a san ko wa ya ƙera ta ba ta fi cancantar a yi hattara da ita.

Lungu-lungun mota

Saman dashbod da bayan gilashin baya: nan rana ke sauka kai-tsaye, nan ne kuma zafi ya fi yawa. Kayan da ke wurin yakan zama makami idan aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, kuma ganinsa daga waje yana janyo ɓarawo ya fasa gilashi.

Aljihun gaba, inda ake ajiye takardun mota: yana da inuwa kuma yana da sauƙin kaiwa, sai dai a jikin dashbod yake, zafinsa na ratsowa ciki. Zai iya yi a lokacin hunturu ko ga motar da ke kwana da wuni a rumfa. A bazara ba wurin ajiya ba ne, musamman ga shi cike da takardu masu saurin kamawa.

Akwatin da ke tsakanin kujeru biyu na gaba: ya fi aljihun gaba sauƙin zafi, amma nan ake zuba makullai da sulalla da sauran tarkacen ƙarfe. Ƙarfen da ya shiga bakin da ake jona waya zai iya haɗa wuta. Sai dai a rufe bakin da marfinsa, a kuma sa na'urar a jakarta.

Aljihun ƙofa: jikin ƙofa yana ɗaukar zafin rana, ruwan sama yana shiga duk lokacin da aka buɗe, kuma kowane rufe ƙofa duka ne ga ƙwayoyin batirin.

Ƙarƙashin kujera: zafi sama yake tashi, saboda haka ƙasan mota ne ya fi sanyi a cikin ɗakin fasinja, ga kuma inuwar kujera. Sai dai ba ƙarƙashin kujerar direba ba, domin na'urar na iya gangarowa gaba ta shige ƙarƙashin birki. Ta mai zaman banza ce ta dace, da sharaɗin a tabbatar ƙarfen da kujera ke tafiya a kai ba zai matse ta ba, ba za ta taɓa wayoyin da ke wurin ba, waɗanda wasunsu na jakar iskar kariya ne, kuma an manne jakarta da kafet ko an ɗaure ta. Bayan doguwar tafiya, yana da kyau a dafa wurin da hannu, domin a wasu motoci bututun salansa yana bi ta ƙasa yana dumama daɓen.

But: a motar da but ɗinta ke rufe ruf, babu gilashin da zai shigo da rana, don haka sau da yawa ya fi ɗakin fasinja sauƙi. Aljihun gefe mai raga ko marfi ya fi dacewa. Ramin safaya yana da sanyi, amma ruwa kan taru a cikinsa da damina, kuma jak da sifana na iya dukan na'urar a hanya mai gargada. A motoci irin su Sienna da Sharan, waɗanda bayansu gilashi ne, sai a sa ta ƙarƙashin shimfiɗar but ko a ja marufin kaya a kanta.

Cikin bonet: zafin inji da girgiza da ruwa duk sun haɗu a nan. Ba wurin ajiya ba ne ko na minti goma.

Tarkon da ke cikin but

Akwai kuskuren da ba a gane shi sai ranar buƙata. A motoci da yawa na zamani, wutar lantarki ce ke buɗe but. Idan batir ya mutu, rimot ba ya aiki, maɓallin ciki ma haka, na'urar ceton kuma tana kulle a baya. Ƙaramin makullin ƙarfen da ke ɓoye a cikin rimot yakan buɗe ƙofar direba ne kawai a mafi yawan lokuta. Kafin a zaɓi but, ya kamata mai mota ya tabbatar akwai ramin makulli a jikinsa, ko mariƙin da ke jan waya daga kusa da kujerar direba, ko kuma kujerun baya suna kwantawa daga ciki. Idan babu ko ɗaya, ɗakin fasinja ne wurinta. A wasu motocin Jamus, irin su BMW, batirin kansa a but yake, amma akan tanadi wuraren jona waya a cikin bonet. Littafin motar yana nuna inda suke.

Abu na biyu shi ne maƙwabtan da za ta samu a can. Al'adar ɗaukar jarkar fetur a but ta zama ruwan dare tun zamanin dogayen layukan gidajen mai, tururin fetur kuma ƙyasti ɗaya yake jira. Haka nan motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas ta CNG, ƙarƙashin shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, a but ake girka tukunyarsu. Duk motar da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan, batirin lithiyam ba shi da wurin zama a bayanta.

Caji da kulawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Na'urar tana rasa caji a hankali ko ba a taɓa ta ba, zafi kuma yana ƙara saurin hakan. Kamfanoni kan ba da shawarar a sake caji duk bayan wata uku zuwa shida. A yanayin Arewa, dubawa sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya ya fi zama daidai. Batirin lithiyam ya fi daɗewa idan aka ajiye shi da kimanin rabin caji, amma wanda aka tanada domin gaggawa yana buƙatar ƙarfi a kowane lokaci. Tsaka-tsakin shi ne a riƙe shi a wajen kashi 75 zuwa 80, a cika shi idan za a yi tafiya.

A yi caji a ɗaki mai iska, a kan siminti ko tayil, ba a kan katifa ba, kuma da mutum a kusa. Idan an ɗauko ta daga mota da zafi, a bar ta ta huce tukuna. Cajin ta a cikin motar da ke tsaye a rana haɗa zafi biyu ne a wuri ɗaya.

Wajen amfani, jan baki yana zuwa kan batir mai alamar tarawa, baƙi kuma kan mai alamar ɗebewa ko wani tsiraran ƙarfe na jikin inji, gwargwadon yadda littafin motar ya tsara. Kada a riƙe makulli fiye da 'yan daƙiƙu. Idan ba ta tashi ba a dakata kaɗan kafin a sake. Da injin ya tashi sai a cire. Manyan motoci da yawa bolt 24 suke amfani da shi, na'urar bolt 12 ba tasu ba ce.

Alamomin da ke nuna ta gama aiki sun haɗa da kumburi, tsagewar jiki, wari mai kama da na sinadarin goge farce, da ɗaukar zafi ba tare da ana amfani da ita ba. Wadda ta nutse a ruwa, kamar yadda ya faru da kayan cikin motoci a ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, ba a sake caja ta ko da ta bushe. Idan ta fara hayaƙi a cikin mota, a tsaya, a kashe inji, kowa ya fita ya yi nisa, domin hayaƙin guba ne. Na'urar kashe gobara, wadda dama hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ke tilasta wa kowace mota ɗauka, tana iya danne harshen wutar, amma ƙwayar na iya sake kamawa bayan an ɗauka ta mutu. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta FRSC kuma 122.

Mai niyyar shiga jirgin sama da ita ya sani cewa ƙa'idar sufurin jirage ta hana sa irin wannan batir a kayan da ake aunawa. A jakar hannu ake riƙe shi, kuma wanda ya wuce awon Wh 100 sai da amincewar kamfanin jirgin.

Saye, da alhakin hukumomi

Araha ba ta ado. Manyan lambobin da ake bugawa a kwali, irin su amfiya dubu biyu ko dubu uku, yawanci ƙololuwar wutar da na'urar ke fitarwa ce cikin ƙiftawar ido, ba wadda take iya riƙewa har inji ya tashi ba. Awon Wh ya fi faɗin gaskiyar abin da ke ciki. Na'urar kirki tana ɗauke da sunan kamfani da adireshinsa, da iyakar zafin ajiya, da girman injin da take iya tayarwa, da kariya daga juya waya. Alamar UL 2743 ta gwajin ingancin irin waɗannan na'urori ce, UN 38.3 kuma ta gwajin jigilar batiran lithiyam, ko da yake masu jabu ma sun iya buga tambari.

A nan ne maganar ta wuce mai mota ta koma kan gwamnati. Hukumar SON ce ke da alhakin tantance ingancin kayan da ake shigowa da su ta tsarin SONCAP, hukumar FCCPC kuma dokar 2018 ta ɗora mata kare haƙƙin mai saye, har da haƙƙin mayar da kaya mai aibi. Mai saye ba ya iya buɗe batir ya duba ƙwayoyin ciki, saboda haka abin da ya rage masa shi ne rasit da takardar garanti, da kai ƙorafi idan an cuce shi.

Ƙarshen rayuwar na'urar ma yana da doka. A 2024 Najeriya ta fitar da ƙa'idojin kula da batira a ƙarƙashin hukumar muhalli ta NESREA, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da su alhakin karɓar waɗanda suka mutu. Batirin lithiyam da aka jefa a bola yana iya fashewa ranar da aka cinna wa sharar wuta, kuma yara ne suka fi kusantar irin wuraren. Wanda ya kumbura, a rufe bakinsa da salatif, a ajiye shi a waje cikin bokitin ƙarfe mai yashi, nesa da rana da ɗakin kwana, har a miƙa shi ga dillalin batir ko masu karɓar tsofaffin kayan lantarki.